Wannan fallen na banɗaki, me za mu kira shi?

Jama'a, suna nake nema. Akwai wani falle mai tauri da ake sa wa bangon banɗaki da gefen wurin wanke-wanke a kicin, ruwa ba ya ratsa shi. Wanda ya taɓa shiga bayin filin jirgi ko na manyan kantuna ya gan shi, da shi ake raba ɗakunan bayin maimakon a ja bulo.

Na san kafintoci za su ce ai fomika ce. Da gaskiyarsu, gidansu ɗaya. Formica sunan kamfani ne da aka kafa a Cincinnati ta Amurka a 1913, kuma da farko ba don kayan ɗaki aka yi ta ba, don tare wutar lantarki ne, a madadin wani ma'adini da ake kira mika. Takardu masu kauri ake jiƙawa da wani ƙaro, a jera su, a ɗora takarda mai ado a sama, a danne da zafi har su zama abu guda.

To amma fomikar da muka sani siririya ce, da ƙyar take kai milimita 1, gam ake shafawa a manna ta kan katako. Fuskarta ba ta shan ruwa, sai dai ruwan ya bi ta gefe ya iske katakon ciki, ya kumbura, bakin ya fara ɗayewa. Duba ƙasan tsohuwar kabad a ɗakin da ake yawan goge daɓe, za ka ga abin da nake nufi. Na banɗakin kuwa babu katako a cikinsa, takarda da ƙaro ne gaba da baya, kaurinsa kan kai milimita 12. Ka ce wa kafinta "fomika" kawai, siririyar zai ɗauko maka, damina ɗaya ku fara rigima.

Wani ya ba da shawarar "leda". Haba malam, ga ledar cefane, ga ledar tsakar ɗaki, kalmar ta gaji. "Allon roba" kuma tuni masu silin roba suka kama wurin.

"Fomikar ruwa" ta so ta burge ni, har na tuna da sabulun ruwa. Mai saye zai zaci a galan ake auna ta.

Ni dai na tsaya kan gagara-ruwa. Ginin kalmar ba baƙo ba ne a bakinmu, ga gagara-badau, ga hana-salla. Kuma yana shiga ciniki ba tare da cije harshe ba: "Maigida, falle biyu na gagara-ruwa nawa?" Sai dai a sani, fallen ne ya gagari ruwa, ba mahaɗarsa ba, ita dole a toshe ta da silikon.

Iyayen gidanmu kafintoci da masu shagon kayan gini, in da sunan da kuke kiransa a tsakaninku, ku faɗo shi, naku ne gaba da nawa.