Ido wa ka raina?

Ɗan Agege: Salam jama'a. Jiya a wa'azin bayan magariba malam ya jawo maganar nan ta "ido wa ka raina, wanda nake gani kullum", wai ba kan mutum kaɗai ta tsaya ba har da ayoyin Allah, kullum muna bin gadar Third Mainland kusan kilomita 12 a kan ruwa amma ba mai ɗaga kai ya ce subhanallah sai zagin direban danfo. Ya ce mai tafakkuri zuciyarsa ta fi sanyi. Ni dai a rikicin miji da mata na san ana faɗinta, ya kuka gani?

Mai Tumatir Mile 12: malam jan ta ya yi kawai. Maganar raini ce, ka sake wa yaron shago fuska gobe ya kira ka da sunan yanka.

Uwar Biyu: Ai duk sabo ne, sabo kuwa turken wawa. Kun tuno min da kakata Allah ya jiƙanta. Zuwanta Ikko na farko (har ta rasu ba ta taɓa cewa Legas ba) a jirgin ƙasa ta sauka Iddo, babanmu ya kai ta bakin teku a Bar Beach tun ba a cike wurin da yashi an yi Eko Atlantic ba. Tana zuwa ta cire takalmi kamar mai shiga masallaci, ta ce to ina ɗaya gaɓar, aka ce Inna ba a hango ta. Ta kamfata a tafin hannu ta kurɓa ta tofar, wai wa ya yi wannan ɓarnar gishiri. Daga nan ta zauna a yashi har la'asar ba uffan, matar da ko gidan makoki sai ta yi mita. Ta cika kwalba ta tafi da ita Funtuwa maƙwabta na zuwa lasa, sati guda cur ba ta yi faɗa da kowa ba har kishiyarta ta fara cewa asiri aka mata a Kurmi.

Baban Sadiq: Allah ya jiƙan Inna. Don Allah a kwashi wasu manyanmu a kai su bakin tekun ko ma samu shirun sati ɗaya 😂

Mai Tumatir Mile 12: kana kai su za su kafa allo da hotonsu su ce su suka haƙa shi

Ɗan Idi-Araba: mu namu ko damar raina shi ba mu samu ba, sau ɗaya muke ganinsa a shekara 4

Baban Sadiq: amma fa malam na da gaskiya, da aka buɗe jirgin ƙasan Marina zuwa Mile 2 a 2023 yarana manne fuska suka yi a gilashi har muka sauka, yanzu waya suke latsawa.

Ɗan Agege: to ni tambayata fa? Hajiya kwalbar dai tana nan?

Uwar Biyu: ina fa, wani ƙanena ya ɗauka zamzam ne ya kafa kai.