Ƙirare ne ko narkewa? Gardama a kan Ishaya 64:2

Rahila: Jama'a, ku raba mu da yayana. Jiya mun kai dare a kan "hamasim", kalmar Ibrananci da ke Ishaya 64:2 a Littafi Mai Tsarki, ayar da ke kwatanta saukowar Allah da aikin wuta. Ni na ce ƙirare ne, busassun ƙananan itatuwan da ake hura wuta da su. Shi ya kafe cewa narkewa take nufi.

Ishaku: Har yanzu ina nan a kan bakana, ƙanwata. Fassarar Turanci ta Sarki Yakubu, ta 1611, wuta mai narkarwa ta ce. Tsohuwar fassarar Helenanci kuma ta kawo kakin zuma yana narkewa a gaban wuta. Tushen shi ne "masas", narke. Dubi Mika 1:4, da irin wannan hoton.

Malam Bitrus: Ishaku, sannu da bincike, amma nahawu bai ba ka cikakken goyon baya ba. Da "ha" ɗin farko harafin nan ne mai fayyace suna, da an ga cikakken wasali a kansa, da ɗigo a cikin "m" mai aikin shadda, ya zama "hammasim". Babu ko ɗaya. Wasalin ɗan guntu ne, alamar "h" jikin kalmar ce. Sannan "im" jam'i ne.

Ishaku: To Malam, ina kuma aka yi amfani da ita da ma'anar ƙirare?

Malam Bitrus: Nan ka kama ni. Sau ɗaya tak ta fito a duk Tsohon Alkawari, shi ya sa gardamar ta daɗe. Sai dai ka karanta sashen ayar da ke biye da kalmar: wuta tana tafasa ruwa. Wuta ce mai aiki, ruwa abin da ta yi wa aikin. Sashen farko ma haka aka gina shi: wuta ta kama wani abu. Me wuta ke kamawa nan take?

Rahila: Duk wadda ta taɓa tsugunawa gaban murhu ta sani. Ka zuba ƙirare, su yi ƙas-ƙas, kafin ka juya tukunya ta fara huci.

Malam Bitrus: Ƙamus ɗin Strong na 1890, mai fassara kalmomin Littafi Mai Tsarki, shi ma daga wannan ƙarar ya ɗauko tushen, ko da yake hasashe ne.

Ishaku: Hasashe! Kun ji da bakinsa. Ni dai ban sauka ba tukuna. Rahila, ki zo da littafin ranar Lahadi.