Kiyashi ya hana mu sakat: in biya mai feshi ko in yi da kaina?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Tun da damina ta kankama kiyashi ya addabe mu, jajayen nan ƙanana. Sukari, gwangwanin madara, har cikin fulas. Jiya da dare kuma na gan su a katifar Ilham. Watanta tara, rarrafe take, duk abin da ta tsinta sai baki. Mai feshi ya ce dubu 25, kuma mu bar gidan kwana biyu. Haya muke a Hotoro, saura wata huɗu kuɗinmu ya ƙare. In biya, ko akwai abin da zan sa da kaina wanda ba zai cutar da ita ba?

Abban Khalifa: Sniper kawai. Ki sirka da ruwa ki goge ɗakin da shi, ko ƙadangare ba zai ƙara leƙowa ba.

Anti Nas: Malam, ka karanta kuwa? Jaririya ce ke rarrafe a wannan ƙasan. Maganin gona ne fa, tun 2019 NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta hana sayar da ƙananan kwalabensa barkatai a kasuwa. Mun ga yaran da aka kawo suna dalalar da yawu saboda irinsa da fiya-fiya. Maman Ilham, kar ki soma.

Baba Mai Goro: Ƴata, toka da kananzir. Ki bi layinsu har ramin ki zuba. Iyayenmu ba su san wani feshi ba.

Hajiya Kurna: Dubu 25? Ni dubu 8 aka yi min ciki da falo da kicin.

Ummu Sadik: Hajiya, yaushe rabonki da kasuwa? Watan jiya 40 na biya a Kaduna.

Ɗan Zariya: Ku bari in ba ku nawa. Bara waccan da damina gara ta shiga silin ɗinmu, tururuwa ta cika tsakar gida. Wani ya zo da tanki a bayansa, ya karɓi dubu 35, ya ce shekara biyu ba za mu ga ko ƙwaro ɗaya ba. Kwana uku muna gidan surukai. Da muka dawo, kajin matata bakwai sun mutu, don bai gaya mana a kwashe su ba, sun tsattsagi matattun ƙwarin. Wari kuwa sati biyu a labule. Ba a yi wata guda ba tururuwar ta dawo ta wani ramin. Na kira, ya ce yana Funtuwa. Na sake kira, layi a kashe. Garar nan ta ci gaba da aikinta har ta cinye min takardar fili a cikin akwati. Har yau matata in ta ji faɗa sai ta ce a biya ta kajinta.

Sarkin Zolaya: Allah ya jiƙan kaji. Maman Ilham, ki raba musu kuɗin haya kawai, tunda tare kuke zaune.

Injiniya Gona: Ɗan Zariya, gara daban, kiyashi daban. Abin da ya sa suke dawowa, feshi masu fitowa neman abinci kaɗai yake kashewa, uwar tana can cikin tsagar bango tana ƙwai. Irin jajayen nan ma in an fesa musu sukan rabu su kafa gida biyu ko uku. A samu garin boraks (borax, wani farin sinadari) kaɗan a kwaɓa da ruwan sukari a murfin kwalba, su ɗauka su kai ciki. Yana ɗaukar sati ɗaya zuwa biyu. Amma shi ma a ɓoye bayan kabad inda hannun yarinya ba ya kaiwa.

Baba Mai Goro: Wato mu ciyar da su sukari a wannan tsadar? Yaro, kafin a haife ka nake fama da cinnaka a rumbu.

Injiniya Gona: Tuba nake, Baba. Amma toka hanya take sauya musu.

Ustazu: A dai guji ƙona ramin. Akwai hadisin annabin da tururuwa ɗaya ta ciza ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah ya yi masa magana a kai. Mai cutarwa malamai sun halatta a kashe ta, ban da wuta.

Hajiya Kurna: Ni ma fa kakata cewa take tururuwa a gida alamar arziki ce.

Ɗan Zariya: To ni arzikin kaji bakwai ya ci.

Maman Ilham: Na gode. Injiniya, a ina ake samun boraks ɗin a Kano? Na duba, ta wata tsaga suke fitowa a ƙasan tagar kicin.

Ummu Sadik: Ai ga matsalar nan, tsaga! Gyaran mai gida ne. Namu bango ya dare har kana hango waje, na yi magana sau huɗu, sai ya aiko da takardar ƙarin dubu 100.

Abban Khalifa: Namu cewa ya yi in liƙe da kuɗina. Na sayi siminti, na yi fenti, da ya ga gida ya yi kyau sai ya ce ɗansa zai yi aure.

Hajiya Kurna: Dillalai ne ke zuga su. Wai har kuɗin ganin gida ake karɓa yanzu, dubu biyar kafin a buɗe maka ƙofa. A Kaduna ma haka ne, Ummu Sadik?