Wace kalmar Hausa ce ta dace da "manuscript transmission"?

'Yan'uwa masu aikin fassara, wannan kalma ta tsaya mini a rai tun da na fara rubutu a kan littattafan ilimin taurari na Latin da aka kwafa a Turai a ƙarni na 8 da na 9, waɗanda da yawansu ba a san mawallafansu ba. Abin da take nufi shi ne hanyar da littafi ya bi daga hannun mai kwafa zuwa hannun wani mai kwafa, a kan fatar ɗan maraƙi ko ta tunkiya, har ya iso gare mu.

Wani malami ya ba ni shawarar "isnadi", kuma na daɗe ina juya ta, domin tana da kwarjini. Sai dai isnadi jerin mutane ne da aka san sunayensu, alhali a nan sunayen ne suka ɓace. Akwai wani jerin taurari mai suna De signis caeli wanda aka daɗe ana jingina wa Bede, malamin Ingila da ya rasu a 735, amma ba shi ya rubuta ba. Tushensa Aratus Latinus ne, wata fassara daga Girkanci da aka yi a ƙarni na 8, ita ma ba a san mai ita ba. "Yaɗuwa" kuwa ta yi sako-sako, ba ta nuna wane ya fito daga wane.

Abin da masana suke bi shi ne kuskure. Idan mai kwafa ya gaji har ya bar sanda ɗaya a lambar Romawa da ke nuna yawan taurarin wani rukuni, XIII ta koma XII, to tauraro guda ya faɗi ke nan daga wannan rukuni, kuma duk wanda ya kwafa daga gare shi zai gaji wannan giɓi bai sani ba. Da irin wannan ake gane kwafe-kwafen da suke 'yan gida ɗaya, kamar yadda ake gane dangi da tsagar fuska.

Saboda haka na tsaya a kan "salsalar kwafi", tunda salsala tana ɗauke da ma'anar asali da gado ba tare da ta bukaci sunan kowa ba. Zanen da ake yi don nuna dangantakar kuwa sai mu kira shi "bishiyar salsala". A jimla za a ce: "Salsalar kwafin wani jerin taurari ta bi ta kundin lissafin ranar Ista, idin Kirista, da aka tattara a 809, a zamanin Sharlaman, babban sarkin Yammacin Turai."