Sanƙarau ya taɓa kunnen ɗiyata, na'urar ji kuma ta ƙi zama

Assalamu alaikum ƴan uwa. Daga Tawa nake, shawara nake nema.

Ɗiyata mai shekara 7 ta yi sanƙarau da bazarar bara. Allah ya tashi kafaɗunta, amma tun lokacin sai ka kira ta sau uku kafin ta waigo. Mushenta na lakwal ya ɗauka taurin kai ne, ni ma, Allah ya yafe mini, na sha yi mata faɗa.

Muka kai ta Yamai aka yi awon ji. Aka sa mata abin sauraro a kunne, aka kuma ɗora wani ƙarfe a ƙashin bayan kunne. Takardar ta nuna sai ƙarfin sauti ya kai desibel 45 take ji a dama, 80 a hagu, alhali mai lafiyar kunne yana jin abin da bai kai 20 ba. Likita ya ce tunda awon ƙashin bayan kunne da na abin sauraro sun nuna abu ɗaya, ba dauɗa ba ce, ba ruwa ba, ɓarnar tana can ciki wurin katantanwar kunne, kuma ɗigon magani ba ya gyara ta.

Na sayi na'urar ji a kasuwa, jika 15. Fito kawai take yi, yarinya ta cire ta jefar.

To ina ake samun wadda ake saitawa bisa takardar awon? Kunne ɗaya za a sa wa ko duka biyu? Kuma dole ne duk saiti sai mun koma Yamai, tafiyar sama da kilomita 500? Wanda ya bi wannan hanya ya taimaka mini don Allah.