Musayar Waƙa: Da Me Za a Fara Gyaran Jami'a?

Tsohon Malami, Gawon Nama

Assalamu alaikum. Jiya jikata ta tambaye ni, da za a danƙa min riƙon manyan makarantun gwamnati, ta ina zan fara. Ga amsata. Mai ja ya ja, amma ya riƙe amsa-amon "ta".

Tun 1975 anka kafa tamu jami'ar a Sakkwato,
Ta Ɗanfodiyo, ga ta yau ta ƙasaita.

Ta jiha ta biyo a 2009,
Kwalejin Shagari ma ban manta.

Gine-gine kam TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ta yi nata,
Sai dai bango bai iya karanta.

Ni malami za ni fara dubawa,
Haƙƙinsa a ba shi, kar a jinkirta.

Alkawarin 2009 da gwamnati da malaman jami'a sunka sa wa hannu,
Rashin cika shi ya sa yaji ya tsananta.

A 2022, Fabrairu har Oktoba,
Wata takwas cur alli ya huta.

Na ga dakta ya sai da motarsa,
Ya ɗau takardunsa, ƙasar waje ya fita.

Ɗaliba, Mabera

Baba, ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma,
Zancenka dutse ne, babu mai musanta.

Amma da ka leƙo ɗakin kwananmu,
Na mutum huɗu, mu tara muke kwanta.

Tun asuba bokitina na kan layi,
Famfo ya yi tari, ruwan ya ɓata.

Zafin Afrilu ka san shi, ga ba wuta,
Da fitilar waya za ka karanta.

Na'urar duba ƙwayar cuta guda ce,
Kafin in leƙa an ce a rufe ta.

Burtsatse da sola, Baba, don Allah,
Su ne farkon abin da muke buƙata.

Kawu mai albasa, Kasuwar Daji

Ɗiyata, kukanki ya taɓa ni ƙwarai,
Ni uba ne, bari in faɗi tawa in huta.

Albasar da na tara tun kaka,
Kuɗin rajista ya cinye min ita.

Rancen karatu na gwamnati, NELFUND, ya zo a 2024,
'Yar ƙauye ba intanet, wa ya gaya mata?

Ni dai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya,
Kuɗin da munka biya, ina anka kai ta?

A manna lissafi a allon sanarwa,
Shiga da fitarsu kowa ya karanta.

Shugaban jami'a in za a naɗa shi,
A bar ɗan wane, a bi cancanta.

Majalisar gudanarwa amana ce,
Kar ta zama tukuicin siyasa ko kyauta.

Kuma kar a sake yanke zaren sabuwa,
Tsohuwa na yoyo, a fara gyara ta.

Inna, Runjin Sambo

Malam, Alhaji, kun bar abu guda.

Nana Asma'u ta ɗora wa jaji malfa,
Ta tura ta ƙauye koyar da mata.

Yau ɗiyata da goyo take zuwa lacca,
Ba ɗakin reno, wa zai riƙe mata?

Motar ɗalibai in ta wuce magariba,
Mijinta ya ce gobe ba ta fita.

Tsohon Malami, Gawon Nama

Hajiya, na karɓa, laifina ne,
Ɗakin reno na sa shi a takardata.

Jikata ta Mabera, kin kada ni kan ruwa,
Mai ƙishi ba ya jin abin da na rubuta.

Amma solar nan in ta mutu gobe,
Wa ya koya wa yaron da zai tada ta?

Ɗaliba, Mabera

Malami ne, Baba, na yarda da wannan,
A biya shi, a haƙa mana, a haɗa ta.

Cikon amsar sai na taso da yamma,
Ƙarfe takwas nake da jarrabawata.