Shin da gaske "cack-handed" daga kashi ta samo asali?

Malam Bala: 'Yan uwa, ana yawan cewa "cack-handed", da Turawan Ingila ke kiran bahago da ita, ko wanda komai ya taɓa sai ya kwaɓe, daga "cack" ta fito, wato kashi, don da hagu ake tsarki. Ni na yarda. "Cack" ta zo daga Latinanci "cacare", yin bayan gida, haka Jamusawa ke cewa "kacken".

Malama Rabi: Malam, asalin "cack" ba gardama. Haɗin ne ban yarda da shi ba. Bayanin ya yi mana daɗi ne don ya dace da tarbiyyarmu ta ci da dama, tsarki da hagu. A kundin karin harsunan ƙauyukan Ingila na tsakiyar ƙarni na 19, "keck-handed" ake samu. Binciken da Jami'ar Leeds ta yi daga 1950 zuwa 1961 a wurare 313 ya tattaro kalmomi da dama na bahago, irin su "keggy-handed" da "kay-fisted". In kashi ne tushen, me ya kawo wasulan nan daban-daban?

Malam Bala: To "kay" ɗin fa, daga ina?

Malama Rabi: Hagu take nufi tun da daɗewa. Waƙar Sir Gawain ta ƙarni na 14, da aka rubuta da karin arewa maso yammacin tsakiyar Ingila, ta ce "kay fot", ƙafar hagu. Har yau mutanen Danmak "kejthåndet" suke ce wa bahago, kuma kakanninsu sun zauna a arewa da gabashin Ingila tun ƙarni na 9.

Alhaji Nura: Malama, da gyara kaɗan. "Kay" ba ta da k a ƙarshe, ba ta isa ta haifi "cack" ita kaɗai ba. Shi ya sa wasu masana ke kawo tsohuwar kalmar Sikandinabiya "keikr", abin da ya lanƙwashe baya, a matsayin tushen kalmar. Ga yadda nake ganin abin ya faru: kalmar ƙauye ta shiga birni, ba wanda ya san "keck", kunne ya ja ta zuwa "cack" da kowa ya sani, daga baya aka nemo mata dalili. Kalmar Turanci "awkward", mai kwaɓa abu, ita ma daga tsohon harshen Sikandinabiya ta fito, daga "afugr", abin da aka juya baibai.

Malam Bala: Ke nan kashin ya shiga ciki, ko da daga baya ne.

Alhaji Nura: Ya shiga kunnen masu ji, shi ya sa take da kaushi. A gargaɗi ɗalibai: kalmar hira ce ta Ingila, ba a sa ta a takardar neman aiki, kuma zagi ne a kira bahago da ita. An fi faɗar ta kan aikin kwamacala, kamar gyaran famfo da aka bari yana yoyo. Ba'amurke kuwa "ham-handed" zai ce, ko "klutz", daga "klots", gungumen itace a Yidishanci, harshen Yahudawan Turai.